Wanda Dankure Ya Bari a Tudu

A Tungar Kanya, wata 'yar tunga da ke bakin gulbi tsakanin Zauro da Argungu, duk wanda ka tambaya gidan Dankure zai nuna maka, kuma kafin ka gode masa sai ya ƙara da cewa, "Ai mutumin kirki ne, ba a yin irinsa yanzu." Dogo ne baƙi, ya fara ranƙwafawa, tafin hannunsa ya yi kanta saboda sandar tuƙi. Ba shi da yawan magana. Da can ma ba shi da ita, amma da can akwai dariya.

Ubansa masunci ne, cikin jirgi ya buɗe ido. Ya yi su, wato kamun kifi, ya yi noman shinkafa kamar kowa a fadamar nan, amma abin da aka san shi da shi fito ne, wato ƙetarar da mutane da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Idan damina ta yi nisa, gulbi ya tumbatsa ya shanye hanyoyi, gonakin da ke can ciki sai su koma tsibirai. Babur ba ya zuwa, amalanke ba ya zuwa. Akwai 'yan hanyoyin ruwa da ke ratsa cikin ciyawar burgu, baƙo ya shiga sai ya yini yana zagaye wuri ɗaya. Dankure ya san su kamar lungunan gidansa. Saboda haka in maciji ya sari wani a can, ko lauje ya yanke shi, ko naƙuda ta kama wata a bukkar gona, shi ake ƙwala wa kira.

Shekarar da aka yi wata babbar ambaliya, bayan ruwa ya janye, wata ƙungiyar agaji ta tara masu fito na yankin a Birnin Kebbi don a koya musu abin da za su yi wa mai rauni kafin a kai shi bakin titi. Wadda ta koyar da su wata nas ce mai suna Munira, 'yar unguwar Nasarawa, gajera mai kaifin murya, ba ta kai sa'ar ƙaramar 'yarsa ba. Ta nuna musu yadda ake ɗaure ƙafa da ɗamara mai sanda a murɗa har jini ya tsaya, da yadda ake tallafe karaya da itace, da yadda ake kwantar da wanda ya suma. Abu ɗaya kuwa ta yi ta nanatawa har suka gaji da ji.

"In kun tarar da mutum biyu, ɗaya yana ihu ɗaya ya yi shiru, kada ihun ya ja ku. Mai ihu yana da sauran ƙarfi. Ku je wurin mai shirun. Ku ja fatar idonsa ku ga ko ta yi fari. Ku kama hannunsa ku ji ko ya yi sanyi. Ku danna cikinsa. Jinin da ake gani ana iya tsayar da shi a daji. Wanda ke zuba a ciki sai an yi tiyata, shi za ku fara ɗauka."

Aka ba kowa jaka mai ɗauke da bandeji da ɗamara da safar hannu, ta kuma sa musu lambarta a waya. Dankure ya koma gida da jakarsa a rataye. Tamba, taubashinsa, wanda suka taso tare suna tsokanar juna tun suna tsirara, yana zaune a gindin kanya ya hango shi.

"Jama'a ku tashi, ga likitan kwaɗi ya dawo! Dankure, an ba ka allura ko sai baɗi?"

"An ba ni ta jakkai," in ji Dankure. "Matso in gwada."

Amma aikin ya karɓe shi. Ya fito da mutane da dama waɗanda da can sai dai a yi musu addu'a, kuma Malama Munira ta riƙa cewa in Baba Dankure ne ya kira ta, ba ta tambaya sau biyu, mota kawai take nema.

Yana da 'ya'ya, amma namiji babba shi ne Junaidu, ɗan farinsa. A gidajen da suka riƙe tarbiyyar da, ɗan fari ɗan kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yaba shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, uwa ma haka. Tun da aka yaye Junaidu kakarsa ta ɗauke shi zuwa Augie, bai dawo tungar da zama ba sai da ya yi aure. Shi da matarsa Hamida aka yanka musu sashe a bayan gidan. Dankure yakan ce masa "kai", in kuma yana maganarsa da wani sai ya ce "wancan". Ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. In ya kamo giwan ruwa mai kyau, sai ya miƙa wa matarsa Kulsumi ya ce a kai wa mutanen baya, ita ma ta karɓa ta aika musu. Da sassafe kuma yakan bi ta gonar Junaidu ya duba ko ruwa ya fasa wani wuri, ya toshe, ya wuce kafin mai gonar ya iso. Junaidu ya gane hannun ubansa a aikin. Bai taɓa godiya ba, don godiyar ma sai ta ba su kunya su duka.

Ranar da abin ya faru ruwa yana ta hawa. Akwai wani tsohon injin ban ruwa mai nauyi, na haɗin gwiwa ne, a bakin wani tudu can cikin fadama, aka ce in ba a janye shi sama ba gulbi zai cinye shi. Dankure ya ƙetarar da maza kaɗan-kaɗan a ƙaramin jirginsa tun da hantsi. Suka rataye injin a jikin gungume, suka ɗaga a kafaɗa. Usmanu ɗan Tamba yana gaba, Junaidu yana gefensa. Ba su yi nisa ba ƙasar da ruwa ya ci ta ƙarƙashi ta zabtare. Injin ya faɗa wa Usmanu a ƙafa, bakin gungumen kuma ya juyo ya daki Junaidu a haƙarƙarin hagu ya yar da shi.

Ihun Usmanu ya cika tudun. Da aka ɗage injin, ƙwaurinsa ya karye, ƙashi ya huda fata, jini yana tsartuwa. Dankure ya durƙusa da jakarsa. Ya ɗaura ɗamarar a cinya, ya murɗa sandar, Usmanu yana kiran uwarsa, ya ƙara murɗawa har jinin ya ɗauke. Ya rufe raunin, ya sa aka saro itace biyu ya tallafe ƙafar. Aiki ne mai kyau, Malama Munira da kanta ta faɗa daga baya, ta ce da wannan ɗaurin Usmanu zai iya jira.

Junaidu kuwa ya tashi da kansa, ya ja jiki zuwa gindin wata bagaruwa ya zauna ya jingina. Dankure ya gan shi ta wutsiyar ido. Ya ga zufa tana tsattsafo masa a goshi alhali akwai iska. Ya ga yana dafe da kafaɗar hagu, ba inda aka buge shi ba. Ya ji yana ce wa wani a ba shi ruwa, ya shanye, ya ce a ƙaro. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Amma ga mutane tsaye, ga ɗan Tamba kwance cikin jini, ga Tamba kansa yana salati. A ce Dankure ya bar ɗan wani ya je yana lalube cikin ɗan farinsa, yana ja masa fatar ido, a gaban dattawa? Ƙafarsa ta ƙi. Daga inda yake ya ɗaga murya, bai ko juya sosai ba.

"Kai, lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Iska ce ta hita min."

Shi ma abin da aka koya masa ke nan. Ɗan kirki ba ya yi wa ubansa raki.

Dankure ya hau kan wani suri inda waya kan samu, ya kira Malama Munira. Ya gaya mata karaya ce mai jini, ya ɗaure, ta kawo mota gaɓar da suka saba.

"Shi kaɗai ne, Baba?"

"Akwai wani da itace ya buge. Yana zamne, yana magana."

"Ina ya buge shi? Kun duba shi?"

"Wancan ba komi," in ji Dankure. Maganar ta fara yankewa, bai sake neman ta ba. Ita kuwa ba ta san wane ne "wancan" ba. Ta ɗauka baƙo ne da ya ɗan gurje.

Jirgin ƙarami ne. Mutum ɗaya a kwance, ɗaya a zaune ya riƙe ƙafar, sai mai tuƙi. Aka shimfiɗa Usmanu. Tamba ya sa ƙafa ɗaya a jirgin, sai ya waiga gindin bagaruwa, ya fasa.

"Dankure, bari Junaidu shi shiga shi riƙe mai ƙahwar. In kun kai sai a duba shi. Ban son yadda yaron ga ya yi shiru."

"Shiga mu tahi."

"Wallahi da gaske nike. Ni sai in jira."

"Ɗanka na kwance haka, ka tsaya kana yi min kara? Mi za a ce da ni? Shiga, in dawo in ɗauke shi."

Suka yi ta yi, wannan yana ture alherin wancan, dattawa suna gyaɗa kai suna cewa kai, zumunci ya yi. Junaidu ne ya raba gardamar daga inda yake zaune. "Baba Tamba, ku tahi. Ni ina nan."

Dankure ya kafa sanda ya tura.

Tafiyar mai nisa ce, cikin burgu, ruwa yana jan jirgin gefe. Abin da ke gabansa ba ruwa ba ne, goshin nan ne mai zufa. Ya riƙa ce wa kansa ai ya tashi da ƙafarsa, ai ya yi magana, ai matashi ne. Sai maganar 'yar Nasarawa ta dawo masa, sai ya ƙara wa sandar ƙarfi.

Rana ta karkata lokacin da suka iso gaɓa. Motar tana nan. Malama Munira ta duba ɗaurin, ta sa wa Usmanu ƙarin ruwa da allurar rage zafi, tana yi tana tambaya.

"Ɗayan fa? Me ya sa ba ku zo da shi ba?"

Dankure ya sunkuyar da kai. Tamba ne ya amsa. "Ɗanai ne hwa, Malama, Junaidu. Gungume ya dake shi nan ƙasan haƙarƙari. Sai ruwa yake ta sha."

Ta tsaya cak da allura a hannu. Ta dubi Dankure, bai taɓa ganin ta dube shi haka ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa direba ya kai Usmanu ya juyo nan take, kuma ya ce a shirya ɗakin tiyata da jini. Ta kwashi ledojin ƙarin ruwa ta cusa a jaka, ta tattare zanenta ta faɗa jirgin, ita da ba ta iya ruwa ba.

"Baba, ku tuƙa."

Ya tuƙa. Tsoho ne, kuma ya riga ya yi wannan hanyar sau da yawa tun safe, amma waɗanda suka gan shi daga gonaki sun ce ba su taɓa ganin jirgi ya keta burgu haka ba. Fatar hannunsa mai kanta ta tsage, jini ya bi sandar.

Sun tarar an kwantar da Junaidu, ana yi masa fifita da hula. An dama masa fura don ya ji ƙarfi, ya sha kaɗan ya amayar. Leɓunansa sun yi fari fat. Malama Munira ta ɗage rigarsa ta danna cikin, ya yi tauri ya kumbura. Ta nemi jijiya a hannun dama, babu. A na hagu, babu, duk sun lafe. Ta fito da wata allura mai kauri ta huda ƙashin ƙwaurinsa, ta nan ta tura ruwan, ta bi shi da maganin da ke rage zubar jini. Ta sa aka lulluɓe shi da riguna don kada sanyi ya kama shi, aka ɗauke shi a hankali zuwa jirgi. Ita ta zauna a inda Tamba ya zauna ɗazu, hannu ɗaya ta ɗaga ledar ruwa sama, ɗaya yana kan wuyansa.

"Saifarsa ce ta fashe," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Abin da nake sa masa jinkiri ne kawai. Wuƙa yake buƙata da jini."

A tsakiyar hanya Junaidu ya buɗe ido. Kansa yana wajen ƙafafun ubansa, saboda haka da ya duba sama fuskar Dankure ya gani.

"Baba, ƙahwar Usmanu... za ta yi?"

"Za ta yi. Yi shiru."

"Injin na nan gindin ruwa. A janye shi."

"An ji."

Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan. Ana hango rufin motar a gaɓa lokacin da Malama Munira ta ajiye ledar ta durƙusa tana danna masa ƙirji, jirgin yana tangaɗi, ruwa yana shigowa. Ta ci gaba a kan gaɓa, ta ci gaba a cikin mota. Kafin su kai Ambursa ta daina. Ta ce wa direba ya juya, babu amfanin a kai shi Birnin Kebbi.

Aka yi jana'iza washegari da safe. A zaman makoki ne Dankure ya fara jin abin da zai riƙa ji har yau. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ba na kusa da shi labarin, yadda Dankure ya bar nasa ya ɗauki na wani, yadda Tamba ya roƙe shi ya ƙi. Liman ya kawo zancen a gaban jama'a, ya ce wannan ita ce kara irin ta mutanen da, matasa su koya. Daga Augie aka zo, daga Argungu aka zo, ana kama hannunsa mai rauni ana girgizawa. Yana cewa amin, amin. Ba wanda ya tambaye shi ko ya duba yaron. Malama Munira ta zo rana ta uku, ta durƙusa ta yi masa gaisuwa kamar 'ya, ta shiga wurin mata. Ita kaɗai ce ba ta yabe shi ba.

Kulsumi ba ta yi kuka a gaban mutane ba, uwa ba ta kukan ɗan fari ana gani. Ta yi ta kai da kawo tana zuba wa baƙi abinci. Bayan an watse ta ci gaba da kai wa mijinta tuwo a kan lokaci, tana ajiyewa, tana cewa ga shi, tana fita. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Da ta zarge shi da ya fi masa sauƙi.

Usmanu ya warke, yana ɗan ɗingishi. In ya hango Dankure a hanya sai ya tuna yana da wani uzuri a wani lungu. Tamba kuwa yana zuwa, ya zauna a ƙofar gida, su gaisa da ladabi kamar surukai, ya tashi. Tsokanar da suka yi tun ƙuruciya ta mutu a tudun nan, ba wanda ya iya ɗaga ta.

Da Hamida ta gama takaba, mutanenta suka aiko ta koma gida. Garinsu yana ƙetaren gulbi, kuma babu wanda ya kamata ya kai ta sai surukinta. Ta shiga jirgin da 'yarta a goye da kayanta a buhu, ta zauna ta ba shi baya. Ruwa ya janye a lokacin, tafiyar ba ta da wuya. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa a durƙushe. Sai da gaɓa ta matso ta yi magana, kanta a ƙasa.

"Baba, in tambaye ku wani abu?"

"Tambayi."

"Malamar nan ta ce min ciwon ba a ganinai daga waje, sai an taɓa. Ni ba abin da anka hwaɗi nake son ji ba. Da kunka gama da Usmanu, kun je wurinai? Kun taɓa shi?"

Sandar ta nutse a laka, ya zaro ta.

"A'a."

"Amma kun san ana taɓawa."

"Na sani."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Jirgin ya daki gaɓa. Ta sauka, ta gyara goyonta, wani ƙanenta ya karɓi buhun. Ta juyo ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Allah shi huta gajiya, Baba."

Ya buɗe baki zai ce ta riƙa kawo yarinyar, maganar ba ta fito ba. Ya tsaya riƙe da sanda har suka hau gangaren suka shige cikin gari. Wasu mata biyu masu tallar nono suna jiran fito, suka tambaye shi ko zai koma yanzu. Ya ce su shigo. Ɗaya ta gane shi, ta taɓa 'yar'uwarta tana raɗa mata cewa wannan shi ne mutumin da ake faɗi. Ya ji. Ya tura jirgin cikin ruwa.